Ba Sarki Sai Allah: Tolstoy a Shekarar Yunwa



A wannan zaure mun saba tattauna yadda za a gyara gwamnati: wa ya cancanci hawa, wa ya kamata ya sauka, ina kuɗin kasafi suka shige. Yau muna neman izini mu ɗan ratse, mu dubi mutumin da ya yanke cewa gwamnati ba ta gyaruwa, domin a ganinsa ita kanta ce cutar. Linjila ya karanta har ta kai shi ga wannan matsayi. Mutumin shi ne Lev Tolstoy, marubucin ƙasar Rasha, wanda ya rayu daga 1828 zuwa 1910.

Bahaushe kan ce "ba sarki sai Allah" idan ya ga an tuɓe mai iko, ko an wuce da gawar basarake. Yana faɗa da zuciya ɗaya, amma gobe da safe sai ka gan shi a ƙofar fada ya tuɓe takalmi. To, akwai wasu tsiraru cikin Kiristoci da suka ɗauki irin wannan magana a zahirinta, suka ce in har ba sarki sai Allah, ke nan babu wanda ke da haƙƙin tilasta wa ɗan'uwansa da bindiga ko kurkuku, ko da kuwa doka ce ta ba shi. Turawa na kiran masu ƙin mulkin hukuma 'yan anaki. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta babu mai mulki, sai dai a bakin 'yan jarida ta koma nufin hargitsi. Kiristocin cikinsu kan kafa hujja da sura ta 8 ta littafin Sama'ila na fari, inda Isra'ilawa suka nemi a naɗa musu sarki, aka gargaɗe su cewa zai ɗebe 'ya'yansu maza zuwa yaƙi ya kuma karɓe gonakinsu. Suna kuma dogara da huɗubar Yesu a kan dutse, a sura ta 5 ta Matiyu, wadda ta hana rantsuwa da rama mugunta da mugunta. Masu ja da su kan buɗe musu sura ta 13 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, mai umarni da biyayya ga mahukunta. Raba wannan gardama ba aikinmu ba ne. Abin da ya kawo mu shi ne mu ga yadda aƙidar ta yi da mutum ɗaya sa'ad da ransa ya dagule, sa'an nan ƙasarsa ta dagule.

Tolstoy ɗan sarauta ne, magajin gandu. A Yasnaya Polyana aka haife shi, kusa da garin Tula, kimanin kilomita 200 kudu da Mosko. Ya yi soja, ya ga yaƙin Kirimiya a Sebastopol. A 1857 yana Paris ya kalli yadda hukuma ta fille kan wani mutum a bainar jama'a, kuma abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ya yi aure a 1862, ya gama Yaƙi da Zaman Lafiya a 1869. Suna ya samu, dukiya ta ƙaru, gida ya cika da 'ya'ya. A watan Satumba na wannan shekara ta 1869 ya kama hanya zai sayo wani gandu a lardin Penza, ya kwana a wani masauki a garin Arzamas. Tsakar dare tsoron mutuwa ya tashe shi, irin tsoron da ba shi da dalili a ɗakin, ba ɓarawo ba ciwo. Ya wayi gari ya ci gaba da tafiyarsa, amma tambayar ta riga ta shiga: in ƙarshen kome rami ne, gandun na mene ne?

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara wa tambayar nauyi. Tsakanin 1873 da 1875 ya binne 'ya'yansa ƙanana uku da gwaggonninsa biyu, ciki har da wadda ta rene shi. Ya kammala Anna Karenina, duniya na yabo, shi kuwa ya kai matsayin da yake ɓoye wa kansa igiya, ya kuma daina fita farauta da bindiga, don bai amince da hannunsa ba. Shi da kansa ya ba da wannan labari a wani ɗan littafi na iƙirari da ya rubuta wajen 1879 zuwa 1880, wanda hukuma ta hana bugawa a Rasha, sai a Geneva ya fito a 1884. Ya nemi amsa a wurin masana kimiyya da falsafa bai samu ba. Sai ya lura cewa manoman da ke masa aiki, waɗanda ba su iya karatu ba, suna shan wahalar da ta fi tasa nesa ba kusa ba, suna kuma mutuwa cikin natsuwa. Ya bi su coci, ya yi azumi, ya karɓi jibin Ubangiji. Bai daɗe ba ya fara tuntuɓe, domin cocin da ke karanta umarnin ƙaunar maƙiyi ita ce ke addu'ar nasara ga rundunar sarki, ita ce kuma ke raka wanda za a rataye. Ya koma ga Linjila da Girkancinta, ya fito da abu guda da ya ce shi ne mabuɗi: kada a tare mugunta da ƙarfi. Daga nan sauran suka biyo da kansu. In ba a halatta ƙarfi ba, babu soja, babu kotu, babu kurkuku, babu rantsuwar mubaya'a, babu kuma mallakar ƙasa, tunda ɗan sanda ne ke tsare iyakar gona.

Masu ba da tarihinsa da yawa a nan suke tsayawa, su ce ya shiga duhu ya fito da haske. Mu a ganinmu abin da ya samu a wannan mataki aƙida ce kawai, kuma aƙida a ɗakin karatu ba ta da tsada. Jarrabawar tana gaba.

A watan Maris na 1881 'yan juyin-juya-hali suka kashe Sarki Alekzanda na Biyu da bam. Tolstoy ya rubuta wa ɗansa, sabon sarki, ya roƙe shi ya yafe wa makasan mahaifinsa saboda Almasihu. Pobedonostsev, babban jami'in da ke kula da majalisar cocin ƙasa, ya ƙi miƙa wasiƙar. An rataye mutum biyar a watan Afrilu. A Janairun 1882 kuma ya shiga aikin ƙidayar jama'a a Mosko, ya zaɓi unguwannin talakawa da gangan, da niyyar tara kuɗi daga attajirai ya raba. Shirin ya watse. Attajiran sun yi alkawari ba su cika ba, 'yan kuɗin da ya raba ba su canza rayuwar kowa ba, shi kuma ya koma gida inda barori masu farar safar hannu ke kawo masa abinci. Daga wannan ya fitar da hukunci mai tsauri a kan sadaka. Ya kwatanta mai arziki da wanda ya hau bayan wani yana shaƙe shi, yana kuma rantsuwa zai yi kome don rage masa nauyi, ban da sauka. Kyautar kuɗi, in ji shi, hanya ce ta wanke zuciya ba tare da an sauka ba. Ya koma sa rigar manoma, yana huɗa, yana ɗinkin takalmi.

Muna roƙo a riƙe wannan hukunci nasa a kan sadaka, domin a kansa labarin ya juya.

A 1891 amfanin gona ya lalace a tsakiyar Rasha da yankin kogin Volga. Hunturu ya yi tsanani babu isasshiyar dusar ƙanƙara da za ta rufe shuka, sa'an nan fari ya biyo. Manoman, waɗanda aka 'yanta daga bautar gandu a 1861, suna ɗauke da bashin filayen da aka ba su da kuma haraji, ga rumbuna babu ajiya. Gwamnati ta ci gaba da barin hatsi na fita ƙasashen waje har zuwa watan Agusta, kuma ta fi son jaridu su ce an yi ƙarancin amfani da su ambaci yunwa. Mutane suka koma cin burodin da aka cuɗa da ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa, suka yaye jinkar ɗakunansu suka ba dabbobi. Kafin abin ya lafa, yunwa da kwalara da zazzaɓin taifus sun kashe mutane wajen 400,000.

Da labari ya fara zuwa, Tolstoy ya tsaya a kan aƙidarsa. Ya rubuta wa marubuci Nikolai Leskov cewa tara kuɗi a sayi gari ba shi ne maganin ba, abin da ake bukata shi ne masu hali su canza zuciya. Wani sashe na wasiƙar ya fita a jarida, jama'a suka yi masa ca, kuma da gaskiyarsu, domin mai jin yunwa ba ya jiran tubar attajiri. Sai wani tsohon abokinsa, Ivan Rayevski, ya ce masa ya zo ya gani da idonsa. Ya je, ya zaga ƙauyuka. A ƙarshen kakar 1891 ya tattara ya koma gandun Rayevski da ke Begichevka a lardin Ryazan, tare da 'ya'yansa mata biyu, Tatyana da Masha. Yana da shekara 63. Rayevski kansa bai ga ƙarshen aikin ba, ya kamu da ciwo a yawon ƙauyukan ya rasu cikin 'yan makonni.

Tsarin da suka bi abin a tsaya a duba ne. Ba su riƙa raba gari ba, domin gari ana iya sayar da shi, ko mai bin bashi ya karɓe, ko mai ƙarfi a gida ya cinye. Sai su shiga ƙauye, su yi jerin sunayen mabukata gida gida, su zaɓi ɗakin wata matalauciya, sau da yawa wadda mijinta ya mutu, su kawo mata itace da gari da kabeji da dankali da wake. Ita za ta dafa, mutane su zo su zauna su ci. Ta haka ita ma ta samu ɗumi da abinci, kuma duk wanda ya ci an gan shi. Suka haɗa da raba itacen ƙona, da irin shuka, da dawakan huɗa ga waɗanda nasu suka mutu, da kayan saƙa don mata su samu abin yi. Zuwa tsakiyar 1892 suna da gidajen ciyarwa 246 masu ciyar da mutum kusan 13,000 kullum, ban da wasu 124 na ƙananan yara. Marubucin da duniya ke ji da shi ya koma mai lissafin buhuna, yana ciniki da dillalan hatsi, yana bin hanya cikin ƙanƙara daga ƙauye zuwa ƙauye. A wasu wurare limaman coci suka riƙa gaya wa mutane cewa abincin Dujal ne, kada su ci. Mutane suka ci.

Kuɗin daga ina? Nan ne abin ya yi masa ɗaci. Matarsa Sofiya, wadda ya daɗe yana zargi da son duniya, ita ce ta buga roƙo a wata jaridar Mosko a watan Nuwamba na 1891, gudummawa ta yi ta kwarara daga ciki da wajen ƙasa. Wato abin da ya kira yaudarar kai shi ne ya cika tukwanen. Bai ɓoye wannan ba. A wasiƙunsa na lokacin ya ce aikin na ba shi kunya, ya kwatanta shi da raba aman masu arziki, ya kuma ce duk da haka ba zai iya tashi ya bar shi ba. Ya yi ta kai da komo a yankin har cikin 1893.

A wannan wuri muke ganin girman ruhin da ake magana. Hanyoyi biyu masu sauƙi suna gabansa. Yana iya zama a Yasnaya Polyana da tsarkin aƙidarsa, ya bar yunwa ta tabbatar masa da gaskiyarsa. Yana kuma iya cewa dā ya yi kuskure, sadaka ita ce mafita, ya karɓi yabon jaridu ya huta. Ya ƙi duka biyun. Ya ci gaba da gaskata cewa tsarin zalunci ne kuma shi ma yana cikin masu cin moriyarsa, ya ci gaba kuma da auna gari kowace safiya. Mutumin da ya firgita a Arzamas kansa yake kuka wa: mutuwata, ma'anar rayuwata. Na Begichevka ba shi da lokacin wannan, akwai ƙauyen da itacensa ya ƙare. Mu da ke zaune a ƙasashen ƙoshi da kuɗin tallafin karatu, muna rubuta maƙalu a kan talauci, muna kuma tura 'yan kuɗi gida ƙarshen wata alhali mun san ba za su gyara kome ba, ba baƙi ba ne ga wannan kunya.

Yunwar ba ta sassauta ra'ayinsa game da hukuma ba, ƙara masa kaifi ta yi. Maƙalarsa a kan yunwar, wadda aka hana a gida, ta fito a jaridar Daily Telegraph ta Landan a Janairun 1892, wata jaridar 'yan mazan jiya a Mosko ta ce kiran tawaye ne. A watan Satumba na wannan shekara, yana hanyar komawa yankin yunwa, ya ci karo a tashar Uzlovaya da jirgin ƙasa cike da sojoji, ana kai su su ladabtar da wasu manoma da ke rikici da wani mai gandu a kan daji. Ya dubi sojojin ya ga 'ya'yan manoma ne, masu kirki ɗai ɗai, za su je su zane iyayen wasu don an rantsar da su. Wannan gani ya shiga babin ƙarshe na littafinsa Mulkin Allah Yana Cikinku, wanda aka haramta a Rasha, ya fito a Jamus a 1894. Hujjar littafin ita ce mulki ba ya tsayawa da ƙarfin sarki, yana tsayawa ne da yardar ƙananan mutane: mai ɗaukar bindiga, mai sa hannu, mai tuƙa jirgin. Shi ya sa bai yarda da bam ba, ya ma guji laƙabin ɗan anaki saboda masu jefa shi. Abin da ya nema shi ne kowa ya janye hannunsa. Wani matashin lauya a Afirka ta Kudu, Gandhi, ya karanta littafin, daga baya suka yi musayar wasiƙu, ya kuma sa wa gonar jama'arsa ta kusa da Johannesburg sunan Tolstoy a 1910.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi inda aƙidar ta yi gajere. Mutum 13,000 ba kaɗan ba ne, amma masu yunwa miliyoyi ne, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira da hatsin gwamnati da na majalisun larduna suka tsira, duk da jinkirinsu da ɓarnarsu. Fulawar da jiragen ruwa suka kawo daga Amurka a 1892, da hatsin da Tolstoy kansa ya saya, a kan layin dogo suka iso, irin layin da ya kwaso sojojin Uzlovaya. Ba mu ga inda ya ba da gamsasshiyar amsa ga wannan ba. Haka kuma abin da ya kare shi daga kurkuku shi ne sunansa da asalinsa. Mabiyansa marasa suna su aka riƙa ɗaurewa ana kora. Ya san da haka, kuma yana cikin abin da ya sa ya tsaya wa 'yan ɗariƙar Dukobo, manoman da suka tara makamansu suka ƙona a yankin Kokesos a 1895, hukuma ta gallaza musu. Ko da yake tun 1891 ya yafe haƙƙin mallakar abin da ya rubuta bayan 1881, sai ya karya ƙa'idarsa ya karɓi kuɗin littafinsa Tashin Matattu, ya sa a jigilarsu. Kimanin mutum 7,500 suka isa Kanada a 1899. Nan ma kuɗin da ya tsana ne suka yi aiki. A watan Fabrairu na 1901 majalisar cocin Otodoks ta sanar cewa ba ya cikinta.

Wadda ta fi kowa ɗaukar wannan hanya da nisa bayansa, a ganinmu, ita ce Dorothy Day ta Amurka. An ɗaure ta a 1917 saboda zanga-zangar neman wa mata 'yancin zaɓe, amma ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba. Ta shiga cocin Katolika a 1927, abin da ya raba ta da uban 'yarta. A ranar 1 ga Mayu 1933, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, ita da Peter Maurin suka fara jaridar Catholic Worker a New York, kwabo ɗaya kwafi, suka kuma buɗe gidajen saukar marasa galihu. Bambancinta da Tolstoy biyu ne: ba ta bar cocinta ba, kuma ba ta da gandun komawa. A cikin gidajen ta zauna har mutuwarta a 1980, kuma tana da shekara 75 aka yi mata kamun ƙarshe, a wajen yajin aikin leburorin gona a Kalifoniya.

Shi kuwa gandun bai sake shi ba. Ya raba dukiyar ga matarsa da 'ya'yansa don kada a ce yana da mallaka, amma a gidan ya ci gaba da kwana, a teburin ya ci gaba da ci. Wanda ya biya kuɗin tsarkinsa Sofiya ce. Ta haifa masa 'ya'ya 13, ta binne biyar suna ƙanana, ta kwafe rubuce-rubucensa da hannunta, ta riƙe lissafin gida, sa'an nan almajiransa suka ɗauke ta a matsayin shingen da ya tare waliyyi. Mai ƙin tilastawa a kan al'umma bai iya ganin irin tilascin da aƙidarsa ta ɗora wa matar da ke ɗaki ɗaya da shi ba. Shekarun yunwa na cikin 'yan lokutan da suka yi aiki da baki ɗaya. Bayansu rikici a kan wasiyya da haƙƙin littattafai ya dawo, ya yi ta ƙaruwa.

A ƙarshen kakar 1910, yana da shekara 82, ya fice daga gida da dare tare da likitansa. Ciwon huhu ya kama shi a jirgin ƙasa, aka sauke shi a ƙaramar tashar Astapovo, shugaban tashar ya ba shi ɗakinsa. 'Yan jarida suka cika wurin, hukuma ta turo jandarmomi, coci ta turo wani dattijon sufi ko zai tuba, ba a bar shi ya shiga ba. Sofiya ta iso a jirgi na musamman, aka hana ta ganinsa, tana zagaya gidan tana leƙe ta taga, sai da ya fita hayyacinsa aka buɗe mata ƙofa. Ya rasu a watan Nuwamba. An binne shi a cikin dajin Yasnaya Polyana ba tare da limamin coci ba, kuma har yau kabarin tudun ƙasa ne da ciyawa, babu gicciye babu suna.

Shugaban taro, a nan za mu dakata, mu bar sauran lokacin ga masu tambaya.